Masu gida bisa taya a ƙasar Arewa

Duk mutumin da ya tashi a bakin babbar hanya mai lamba 1, wadda ta fito daga Yamai ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Maraɗi ta miƙe zuwa Damagaram, in dai shekarunsa sun haura arba'in, to ya san wata irin mota wadda yaran yanzu ba su gani sai a talabijin. Mota ce mai ɗaki a cikinta. Ga gado, ga murhun gas, ga tankin ruwa, ga labule a taga kamar ɗakin amarya. Bisa rufinta an jera jarkokin mai da tayoyi biyu ko uku, a gefenta kuma an ɗaure shebur da wasu dogayen falankan ƙarfe masu huda-huda. Faransawa suna ce mata kampin-kar. Masu ita anasaru ne na Faransa, Jamus, Holan, Italiya, Suwis da Ingila, yawancinsu samari da ƴan mata, wasu kuma magidanta da ƴaƴansu ƙanana, wani lokaci har da kare. Daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990, da zarar sanyi ya faɗi a watan Disamba sai a fara ganinsu, fuska ja wur, gashi cike da ƙura, sun nufi yamma.

Kiyeshe, wanda ake rubutawa Kiéché a takardun gwamnati, gari ne na ƙasar Arewa, kimanin kilomita 20 kudu da Dogon Dutsi, cikin kwarin nan da ake kira Dallol Mawri. Ba ya cikin wuraren da matafiyan suka baro gida domin gani. Abin da ke ransu shi ne hamada, da hasumiyar masallacin Agadas, da duwatsun Abzin, da raƙuman dawa na Kure. Lissafin tafiya ne yake kawo su nan. Wanda ya tashi daga Tawa da hantsi, ya ɓata lokaci a Ƙonni wajen shan mai da nuna takardu, la'asar sakaliya take riskarsa a gindin duwatsun Dogon Dutsi. Mai irin wannan mota kuwa ba ya son kwana cikin gari, tunda ya ɗauko gidansa bisa taya ne don kada ya biya kuɗin masauki, kada kuma kowa ya dame shi. Sai ya wuce gari ya gangara kudu, yana duban dama da hagu, yana neman inda zai sauka daga kwalta kafin rana ta faɗi. Neman wurin kwana ke nan ya haɗa karkarar Kiyeshe da Kore Mai Ruwa da waɗannan baƙi.

Kafin su iso nan sun sha wuya ba kaɗan ba. Jirgin ruwa yakan ɗauko su da motocinsu daga Marsai ya sauke su a Alje ko Tunis. Daga Alje zuwa Tamanrasat tafiyar kusan kilomita 2000 ce, a can kuma kwalta take ƙarewa a wancan zamani. Sai kimanin kilomita 400 na rairayi zuwa In Gezzam, inda ake ratsa yashin Lawuni mai cike da gawawwakin motocin da masu su suka gudu suka bari. Bayan nan Asamaka, shingen farko na ƙasar Nijar, sai wasu kilomita 200 zuwa Arlit. Tun farkon shekarun 1980, da aka gama hanyar uraniyum wadda ta haɗa Arlit da Agadas da Tawa, duk wanda ya iso Arlit da rai da lafiya ya hau kwalta ke nan har Yamai. Daga nan hankali yake kwanciya, a ɗaure shebur, a ce wahala ta ƙare.

Ba su ne suka fara wannan kasada ba. A ranar 28 ga Oktoba 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a baya maimakon taya, kowace tana jan tirela mai ɗauke da tantuna da kayan kwana, suka tashi daga Kolom-Beshar a ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Sun sauko Yamai, suka bi ta Doso suka nufi Maraɗi, Tasawa da Damagaram. Bayan shekara goma, a Disamba 1934, wasu mata biyu ƴan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan bisa babur mai kujera a gefe, yana jan ƴar tirela da tantinsu a ciki. Injin ya mace musu wajen Agadas, suka yi makonni suna jiran kayan gyara, sannan suka wuce Kano, ba su isa Kef Tawun ba sai ƙarshen Yuli 1935. Amma abin da ya buɗe idon matasan Turai a kan hanyar Nijar shi ne tseren Faris-Dakar, wanda aka soma a ƙarshen Disamba 1978 ya ratsa Agadas da Yamai. Ko ɓatan da Mark Thatcher, ɗan firaministar Ingila ta lokacin, ya yi har kwana shida a hamadar Aljeriya cikin Janairu 1982 bai tsorata kowa ba. Ƙara musu marmari ma ya yi.

To, a dawo Dallol Mawri. Tsohon gulbi ne wanda a zamanin da can yake kwasar ruwa daga arewa ya kai kogi a wajen Gaya. Ruwan ya janye ya bar kwari mai faɗi, shimfiɗe da yashi mai laushi, a nan ne kuma gonakin gero da wake suke. Cikin gonakin akwai gawo, iccen nan mai baƙar ɗabi'a wanda yake zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Direban da ya yini yana kallon fako da ƙaya, in ya hango inuwar gawo nesa kaɗan da hanya, sai ya ga ai ba shi da masaukin da ya fi wannan. Ya juya sitiyari ya bi sawun amalanke. Da farko mota tana tafiya. Sai ya sassauta don ya kewaye kututturen kara, a nan take tsayawa. Ya taka, tayoyin baya suna juyawa wuri guda suna watsa yashi. Ya ƙara takawa, motar da ke ɗauke da gado da ruwa da mai da gwangwanayen abinci na wata biyu ta zauna bisa cikinta kamar raƙumar da ta ƙi tashi.

Maganin abin sananne ne, su ma sun san shi tun daga Lawuni: a rage iskar taya, a haƙe gaban kowace ƙafa, a shimfiɗa falankan ƙarfe, mace ta riƙe sitiyari namiji ya tura, a ci taki biyar, a sake haƙa. Sai dai a hamada ayari ake yi, mota uku ko huɗu, kowa na taimakon kowa. A nan kuwa ayari ya watse tun Agadas, saura mutum biyu da magariba. Abin dariya, abin tausayi: wanda ya ƙetare Sahara lafiya, ga shi ya kafe a gonar gero, yana jin ƙugin manyan motoci bisa kwalta.

Ba a daɗewa yara suke isowa. Makiyayi ne yakan fara gani, kafin a ce haka labari ya kai gari. Sai samari, sai dattijo ɗaya ko biyu suna tafe a hankali da hannu a baya. Mutum goma in suka sa kafaɗa, da kirari da ihu, abin da injin Jamus ya kasa sai ga shi ya yiwu. In mota ta yi nauyi da yawa, a kawo shanun huɗa a ɗaura igiya. Daga nan kuma sai rikicin sallama. Baƙo bai san abin da ya dace ya bayar ba. Wani ya miƙa dala biyar ga mutum goma a yi masa kallon marowaci, wani ya zaro jaka biyar ya ɓata farashi ga duk wanda zai kafe bayansa. Wani dattijon kuma ya ƙi karɓar ko tamma, don a wurinsa fitar da baƙo daga wahala ba aikin lada ba ne na duniya, baƙon ya tsaya riƙe da kuɗi a hannu ya rasa inda zai sa kansa.

Dare yana da nasa. Duk wanda ya sauko daga mota da silifas a watan Disamba zai san ƙarangiya, wadda take kama wando da bargo da gashin kare, a kwana ana cira. Tsidau yana jiran tafin ƙafa, ƙayar aduwa tana jiran taya, ba kuwa za a sani ba sai da safe in an tarar mota ta karkata gefe guda. Amma safiyar ita ce abin da matafiyan suka fi ba da labari in sun koma gida. Mutum ya kwanta yana ganin shi kaɗai ne a dajin Allah, ya ɗaga labule da asuba ya tarar da da'irar mutane, yara a gaba manya a baya, kowa shiru, ana jiran a ga yadda anasara yake tashi daga barci, yadda yake wanke baki, abin da yake karyawa da shi. Wanda ciki ya matsa, ya ɗauki shebur zai zaga, sai ya waiwaya ya ga rabin taron na biye da shi.

A nan kuskuren mota mai ɗaki yake. An ƙera ta ne bisa tunanin cewa mutum zai iya ratsa ƙasa ba tare da ya nemi kome wurin mutanenta ba, wurin kwana ko ruwa ko wuta. Alhali a Dallol Mawri babu taki guda da ba shi da mai shi. Inda baƙon ya kira daji gonar wani ce, gawon da ya kwana a ƙarƙashinsa akwai mai jiran ƴaƴansa don tumaki, karan da ya tara ya hura wuta an bar shi ne don shinge ko don dabbobi. A al'adar Arawa, baƙon da dare ya riska ƙofar maigari yake nufa, a ba shi ruwa, a nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma, daga wannan lokaci kuma shi da kayansa amana ne a wuyan gari. Waɗanda suka gane haka, suka tsaya suka yi sallama, sun kwana a fili kusa da masallaci ko makaranta ba tare da fargaba ba. Hausawa dai sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Ruwa shi ne abu na biyu da yake fito da su daga cikin motarsu. Albarkar kwarin ita ce ruwa yana kusa, rijiya gaba kaɗan an same shi, ba kamar bisa tudu ba inda ake jan igiya har hannu ya yi kanta. Shi ya sa bayan farin 1984, da gwamnati ta matsa a kan noman rani, lambuna suka yawaita a yankin. Baƙi sukan zo bakin rijiya da jarkoki, mata su ja musu da guga ana dariya, har sai wani ya zaro kyamara bai tambayi kowa ba, nan take fara'a ta ɗauke. In kuma aka kawo musu ƙwaryar fura don girmamawa, sai su shiga tsaka mai wuya, domin likitocinsu sun gargaɗe su kada su sha ruwan da ba a tace ba ko ba a jefa masa ƙwaya ba. Wanda ya ƙi ya kunyata mai gida. Wanda ya sha, wani lokaci lafiya lau, wani lokaci kwana uku yana zarya. A nasu ɓangaren mutanen gari sun ɗauki kowace irin wannan mota kamar ƙaramin asibiti: a kawo yaro mai ciwon ido, a kawo tsoho mai gyambo, a roƙi nibakin da asfirin. Ɗalibin da bai taɓa ɗaure rauni ba sai ga shi ya zama likita da ƙarfi da yaji. Alƙalamin bik da alewar da wasunsu suka riƙa watsawa ta taga kuwa, su suka koya wa yaran bakin hanya kiran nan na «anasara, kado», wanda iyaye da malamai suka daɗe suna jin kunyarsa.

Sai lalacewar mota. Da yawa daga cikinsu Volkswagen Kombi suke tuƙawa, mai inji a baya, wadda ba ta da lagireto, iska ce take sanyaya ta. In ta yini tana fama da yashi a ƙaramar giya, zafi yakan cinye injin a hankali, sai ya zo ya mace a wurin da babu dalili, bisa kwalta sumul. Masu Peugeot sun fi sa'a, domin tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyaranta sun cika kasuwannin Sakkwato da Ƙonni, babu kuma bakaniken da ke Dogon Dutsi wanda bai san cikin 404 da 504 kamar tafin hannunsa ba. Mai na bakin hanya, wanda ƴan ruwa-ruwa suke shigowa da shi daga Najeriya suna sayarwa a kwalabe, yana da araha, amma in an yi rashin sa'a aka samu mai ƙura ko gaurayen kananzir sai kafireto ya toshe. Sifirin da ya karye a kai wa mai walda, taya a kai wa mai faci, abin da babu shi a kasuwa maƙeri ya duba tsohon ya ƙera wani. Baƙon da ya saba a canza masa abu sabo fil yakan tsaya baki buɗe yana kallon yadda ake yanka tsohuwar roba a yi abin da zai kai shi Yamai, tafiyar kusan kilomita 270.

In abin ya fi ƙarfin gari, sai jira. A aika saƙo Yamai ta hannun direban tasha, ko a buga waya Turai daga gidan waya, a zauna mako ɗaya ko biyu. Waɗannan kwanaki na dole su ne suka fi amfanar matafiyan, ko da yake a lokacin ba su ga haka ba. A cikinsu ne suke koyon «sannu» da «ina kwana», su ci tuwo da hannu, su hau dutsen da ya ba garin suna, su ji labarin Sarauniyar Lugu wadda ta tsaya wa sojojin Voulet da Chanoine a 1899, da na Baura na Bagaji, da dutsen Tunguma. Wanda motarsa ba ta taɓa lalacewa ba ya ratsa Arewa cikin awa biyu, abin da ya sani game da ita bai wuce shingen jandarma ba.

Shingen ma ba abin rainawa ba ne. A zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, baƙo ba ya shiga babban gari sai ya kai fasfonsa wurin ƴan sanda an buga masa hatimi, in zai kwana kuma sau da yawa a can fasfon yake kwana. Ɗaukar hoto sai da takardar izini. Wanda ya manta hatimin Tawa, ko ya ɗauki hoton gada ko barikin soja, yana iya ganin an juya shi baya.

Tafiyar dare kuwa kowa ya hana su, direbobin ƙasa da littattafan jagora baki ɗaya. Jaki yana kwanciya bisa kwalta don ɗuminta, garken shanu yana ƙetarawa ba sanarwa, babbar motar da ta lalace tana tsaye babu fitila, alamarta kawai rassan icce da aka jera a hanya. Mutanen Arewa suna da ƙarin bayani a kan wannan. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta a 2002 yadda jama'a suke ɗaukar hanyar a matsayin wurin iskoki masu jawo haɗari, waɗanda aka rusa musu mazauni lokacin da aka fasa ta. Ta kuma nuna cewa tsoron yana da tushe a aikin tilas na zamanin mulkin mallaka, sa'ad da aka riƙa kwasar talakawa daga gonakinsu suna fasa dutse suna ɗaukar ƙasa a ka, abin da ba a soke ba sai a 1946. Matafiyin da yake jin daɗin santsin hanya da waƙa a rediyo bai san wuyan kakannin wa ya ɗauki ƙasar da ke ƙarƙashinta ba.

Ba duka ne ƴan yawon buɗe ido zalla ba. Da yawansu fatake ne na ɗan lokaci: su sayi tsohuwar Peugeot ko Mercedes da araha a Turai, su kwana a cikinta har su ƙetaro, su sayar a Arlit, Agadas ko Yamai, wasu su bi ta Gaya su kai Kwatano da Lome, kuɗin ya biya musu jirgin komawa. Tun daga Asamaka dillalai suke tare su. Motocin nan su ne suka koma tasha, suka yi shekaru suna ɗaukar mutum goma sha da buhunan gero zuwa kasuwannin ƙauye.

Abin ya yanke kusan dare ɗaya. Rikicin Cintabaradan na Mayu 1990 ya buɗe ƙofar tawaye a arewacin Nijar, a 1992 kuma Aljeriya ta faɗa cikin yaƙin basasa. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga tamma 50 zuwa 100, ribar sayar da mota ta narke. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 wasu sun ɗan dawo, sai ga sace Turawa 32 a kudancin Aljeriya a 2003, ga tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009, ga sace ma'aikata a Arlit a 2010. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a dajin raƙuman dawa na Kure, bisa wannan hanya mai lamba 1. Masu mota mai ɗaki sun koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya, tsofaffin motoci kuma jirgin ruwa yake sauke su a tashoshin gaɓa. Asamaka, inda anasaru suke layi da fasfo a hannu, ta zama wurin da ake ganin ƴan Afirka da aka koro daga Aljeriya suna shigowa a ƙasa, bayan tafiyar kimanin kilomita 15 cikin rairayi daga inda aka zubar da su.

A karkarar Kiyeshe gawo yana nan yana kore da rani, yashin kwari bai canza hali ba. Peugeot 504 ta ba Toyota Hiace wuri a tasha, hanyoyin ƙauye kuma sun koma hannun ƴan kabu-kabu. Ranar kasuwa sai a ga yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya sauka daga kwalta ya bi sawun amalanke bisa babur ɗan Sin, da fasinja biyu a baya, da buhun wake a kan tanki, da akuya ɗaure a gefe, yana jan ƙafa ɗaya a yashi har ya ɓace bayan rumbuna.